Warin banɗaki: a fara duba magudanar ƙasa

Ni dai kafin a sayi turaren fesawa, magudanar ƙasa nake cewa a fara dubawa. A ƙarƙashinta akwai lanƙwasasshen fayif mai riƙe ɗan ruwa, ruwan nan ne ke tare iskar sokawe. Da hunturu ko zafin bazara yakan ƙafe, musamman a banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba. A zuba bokiti guda duk mako.

In warin bai tafi ba, a girgiza masan zama. In yana motsi, gindinsa na yoyo, a kira falamba. A leƙa fayif ɗin iskar sokawe ko ya toshe.

Don Allah kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, iskar da suke fitarwa guba ce.