Yadda za ku maido da ciyayya a unguwarku

Jama'ar Maradi wai ina ciyayya ta tahi ne? Muna yara bayan magariba kowane gida sai ya hiddo kwano ƙofar gidan dattijon layi, tuwon hatsi miyar kuka, wani dambu, wani fura ce kawai, a jera bisa tabarma a ci tare har baƙo da almajiri. Yanzu kowa ya kulle get ɗinshi yana ci yana latsa waya. Mu layinmu mun maido ta, ga yadda munka yi.

Kar ku ce kullum, wallahi ba za ta ɗore ba da tsadar hatsin nan. Ku ɗauki dare guda a sati, mu Juma'a munka zaɓa bayan isha'i. Gida biyar sun isa a fara, kuma a fara gaida mai unguwa da liman a hwaɗa musu, in sunka zauna sau ɗaya sauran mutane za su hito da kansu. Wuri kuma ba sai an kashe ko dala ba, tabarma biyu, buta, ruwan wanke hannu da fitila.

Inda ta kan lalace shi ne wajen kwanoni. Da zarar an fara "wanga na gidan Alhaji ne, ji nama", to mai ƙaramin ƙarhi ya ji kunya, sati mai zuwa ba ka ganinshi. Shi ya sa mu yara ke amso abincin su juye cikin manyan tire kahin manya su zauna, ba wanda ya san na wane ne, wanda ma bai kawo komi ba ya zauna ya ci abinshi ba mai ganewa. Wanga dabara baƙaƙen fatar Amurka sun yi irinta. Lokacin da sunka ƙaurace ma shiga bas a garin Montgomery a 1955 saboda wariyar launin fata, wata mai dahuwa Georgia Gilmore ta haɗa mata suna soya kaji suna saidawa ana tara ma gwagwarmayar kuɗi, in an tambayi inda kuɗin sunka hito sai ta ce ba daga ko'ina ba, don kar a gano matan a kore su daga aiki. Rufin asiri kenan.

Kuma abin da za a dafa kar a yi ƙarya, wake da shinkafa ya wadatar. Waken nan da kuke renawa shi kakannin baƙaƙen fatar Amurka sunka tahi da shi daga Afirka ta Yamma zamanin bauta tare da kuɓewa da riɗi, har yau a kudancin Amurka wake da shinkafa suke ci ranar sabuwar shekara don neman sa'a, mu ko nan sai a ce abincin ƙarshen wata, hmm.

Kar a manta mata, su sunka sha hayaƙi ai, a ɗebe nasu tun farko su yi tasu ciyayyar cikin gida guda, ana juyawa kowane sati. Samarin fada a bar musu shayi da wankin tire. Siyasa da maganar bashi a aje su gida, wanda ya taso da su shi ke sayen sukari sati mai zuwa.