Kurakuran da ɗaliba ke yi in ta haɗa karatu da saƙa ko lalle, ga kuɗi ba yawa

Tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022, wanda aka shafe wata 8 ana zaman gida, 'yan mata da yawa suka koyi saƙar kwarashi da zanen lalle da haɗa turaren wuta, aka koma makaranta kowa da ɗan abin hannunta a jaka. Abin yana min daɗi wallahi, amma abin da ke damuna shi ne yawanci kafin semesta ɗaya ta ƙare an watsar, in kin tambaya a ce miki ai babu jari. Ni dai a ganina ba rashin kuɗi ke kashe abin ba, yadda ake juya ɗan kaɗan ɗin da ke hannu ne. Bari mu bi kurakuran, ƙanwata.

Na farko kuma babba, haɗa kuɗin ciki da kuɗin zare a asusu ɗaya. Baba ya turo na wata, ko in kina cikin masu karɓar bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, dubu 20 ɗin nan ta wata ta shigo, sai ki ga wata jaka a TikTok ta burge ki, gobe kin shiga kasuwa kin kwaso zare kala biyar, ranar 15 ga wata kin dawo shan garin kwaki safe da dare, ga handaut ba ki saya ba ga fotokopi ga kuɗin adaidaita, wanda tun cire tallafin mai a 2023 bai ƙara sauka ba. Kuma dan Allah ki riƙa tunawa wancan kuɗin na NELFUND bashi ne, za ki biya bayan kin gama. Gyaran ba wuya, ranar da kuɗi ya shigo ki fara cire na abinci da mota da takardu, abin da ya rage ko ɗari biyar ce shi ne na saƙa, ki ajiye shi daban, ko a wani asusu ko a gwangwani. In kin sayar da abu kuɗin ya koma gwangwanin nan, ba wurin mai shawarma ba. Sannan in za ki dawo daga hutu ki roƙi Umma kayan da ba sa lalacewa, wake, garin ɗanwake, kuka, daddawa, yaji, kauɗar tumatir, ƙuli-ƙuli. Wadda ke da waɗannan a loka ba ta taɓa jarinta saboda yunwa.

Sai sayen kaya rututu tun ba ki iya ba. Mai koyo ba ta buƙatar saitin kwarashi guda goma sha biyu. Ɗaya mai milimita 4 da ƙwallon zare ɗaya mai haske ya ishe ki wata guda, kuma ki guji baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da farko domin ba za ki ga idon saƙar ba, musamman da dare a hostel in an ɗauke wuta kina haskawa da fitilar waya. Ki saƙa ki warware ki sake da zaren nan ɗaya har hannunki ya faɗa. Amma fa in kin tashi yin aikin gaske, misali kayan jarirai ko jaka, a nan kuskuren ya juya, mutane sai su sayi kaɗan wai in ya ƙare a ƙaro. Kina komawa shago ki tarar kalar ta ɗan bambanta ko da kamfani ɗaya ne, saboda rinin kowane zubi daban yake fitowa, sai rigar jaririn ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya haske. Ki saya gaba ɗaya lokaci guda, gara ya yi saura. Kuma kada ki ɗora dutsen guga mai zafi a kan zaren roba, narkewa yake ya kwanta ba ya dawowa.

Wajen saye ma ki haɗa kai da 'yan ɗakinku ko wasu masu yi, mutum ɗaya ya je Sabon Gari ko Kwari in a Kano kuke, ko 'yan Samaru su leƙa Sabon Garin Zariya, a raba kuɗin mota a sayo da yawa a samu ragi. Zuwa kasuwa saboda ƙwallon zare ɗaya asara ce tsagwaronta.

Masu lalle kuma, nan ne nake so mu tsaya sosai domin wannan ya wuce maganar kuɗi. Saboda araha da saurin kamawa wasu suna kwaɓa rinin gashi su zana wa mutane a matsayin baƙin lalle. Akwai wani sinadari a ciki da ake kira PPD, an yi shi ne don gashi ba don a bar shi kwance a fata ba, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wata ma zanen ya zame mata tabo a hannu, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya to nan gaba abin ya fi tsanani. Ki tambayi duk wadda za ki yi wa ko baƙin lalle ya taɓa ba ta matsala, in ta ce eh ko da ɗan ƙaiƙayi ne to ki yi mata ja kawai, kuma yara ƙanana kada ki sa musu baƙi sam. Jan lalle na ganye ya fi ɗaukar lokaci amma hankalinki a kwance. Koyon zane kuma ba sai kin ɓata kon, wato ledar lalle mai tsini da ake zane da ita, a hannun ƙawaye kullum ba, ki zana hannunki a takarda ki ɗora gilashi ko farar leda a kai, ki yi ki goge.

To sai bashi. Kai, bashin hostel! “Ƙawas ki min hular nan in an turo min zan ba ki”, ke kuma kunya ta hana ki cewa a'a saboda gadonku ɗaya sama da ƙasa, kin zuba zarenki da darenki uku, an gama semesta kowa ta ja akwatinta. Ki koyi karɓar kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan aikin, kafin ki ɗaga kwarashi. Ki faɗa da fara'a tun farko cewa haka tsarinki yake ga kowa, har 'yar ɗakinku, ba wanda zai ji haushi in dai ba ki ware wasu ba. In kina son yi wa aminiyarki kyauta ki yi mata kyautar da sunan kyauta, ya fi bashin da zai ɓata zumunci.

Kusa da wannan akwai yanke farashi da ka. Yawanci ana lissafa zare kawai a ɗora ɗan abu. Ina kuɗin mota, ina maɓalli da zif da shafi na cikin jaka, ina ledar da kika sa kayan, ina awannin da kika zauna bayanki na ciwo? Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta komai, ko da allura ce.

Hoto ma yana kashe wa mutane kasuwa, aiki mai kyau a ɗauke shi da dare a kan zanin gado mai fulawoyi. Goge kyamarar da gefen mayafi, ki shimfiɗa farin kwali kusa da taga da hantsi, shi ke nan. Data kuwa ki daina kallon bidiyon koyo ɗaya sau goma a intanet, ki sauke shi a YouTube lokacin garaɓasar dare ko inda akwai waifai na makaranta, ki yi ta maimaitawa kyauta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne karɓar aiki a lokacin tes da jarabawa. Jami'o'i da yawa dokarsu sai kin halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ki zauna jarabawa, ke kuma kina can gidan biki kina yi wa amarya da ƙawayenta lalle ranar Alhamis. Kos ɗaya in ya dawo miki, abin da zai ci na lokaci da damuwa ya ninka ribar bikin, balle ya ja miki ƙarin shekara da sabon kuɗin rajista. Sati uku kafin jarabawa ki sa a sitatus cewa kin rufe karɓar aiki. Ki bi yanayi maimakon haka, hulunan sanyi da safar jarirai ki fara tara su tun Oktoba kafin hunturu ya sauka, wanda ya san sanyin Zariya a Disamba da Janairu ya san za su tafi, lalle kuma kwanakin jajibirin sallah ne kasuwarsa kuma yawanci kina gida.

Kuma ba dole ba ne duk abin da kike so ya zama sana'a. Wata saƙar nan ita ce ke sauke mata gajiyar lakcar ƙarfe 8 zuwa 6, ranar da ta fara karɓar oda da masu kira “Hajiya ya maganar jakata” sai abin ya fita ranta. In kin ji haka ki rage, ki karɓi aiki ɗaya ko biyu a wata wanda zai mayar miki da kuɗin zare, sauran ki saƙa wa kanki da ƙannenki abin da ranki ke so.