Yadda za ku farfaɗo da umarnin nroff da ƙaramin rubutun shell

Idan tsofaffin rubutunku suna kiran nroff (tsohon shirin tsara rubutu na Unix), amma na'urarku groff (shiri irinsa na aikin manhaja kyauta na GNU) kawai take da shi, kada ku ɓata lokaci wajen gyara kowane fayil. Ku buɗe fayil mai suna nroff a cikin ~/bin (jakar bin da ke cikin jakarku ta gida), ku rubuta layi biyu na shell, wato shirin da yake karɓar umarni yana aiwatarwa:

#!/bin/sh
exec groff -Tutf8 -P-c "$@"

Ku ba shi izinin aiki da chmod +x, sannan ku sa ~/bin a farkon PATH, wato jerin jakunkunan da shell yake dubawa idan yana neman umarni.

Shell yana bin PATH ne daga farko, saboda haka nroff ɗinku zai fara samu. Alamar "$@" tana miƙa duk abin da aka ba umarnin yadda yake, har da sunan fayil mai tazara a tsakiya, exec kuma yana sa lambar fita ta groff (mai nuna nasara ko kuskure) ta koma ga wanda ya kira. -P-c yana dawo da tsohuwar hanyar kaurara haruffa ta maimaita bugu, wadda umarnin col -b yake iya sharewa. Aikin GNU ma haka ya yi, domin nroff ɗinsa rubutun shell ne a kan groff.

Dabarar tana gazawa inda ma'anar zaɓi ta bambanta. A tsohon nroff, -e yana daidaita tazarar kalmomi, amma a groff eqn, shirin tsara lissafi, yake kira. Zaɓin -h kuwa, a groff bayanin amfani kawai zai buga. Irin waɗannan sai ku tace su da case, umarnin shell mai rarrabe zaɓuɓɓuka, kafin exec. Haka kuma, shirin da yake kiran /usr/bin/nroff kai tsaye ba zai ga rubutunku ba.