Yadda Ake Samun Sauti daga Na'urorin Gwajin Lantarki don Sintesaiza Mai Sassa

Tun kafin a fara sayar da sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki, masu kiɗan lantarki da kayan injiniyoyi suke aiki. A ɗakin shirya sauti na gidan rediyon WDR da ke birnin Kolon na Jamus, ɗakin da aka kafa a 1951, mai tsara kiɗa Karlheinz Stockhausen ya haɗa kiɗa a 1953 da zallar sautin sayin, wato sauti tsantsa marar gauraye, daga janaretar sigina irin ta gwaji, na'urar da injiniyoyi ke fitar da siginar lantarki da ita, ba mai ba da wutar gida ba. Har yau waɗannan na'urori suna da abin da sassan sintesaiza da yawa ba su da shi: sautinsu yana da tsabta, kuma suna kaiwa daga bugu ɗaya a cikin daƙiƙa da yawa har zuwa inda kunne ba ya ji. Sai dai ba don kiɗa aka ƙera su ba, saboda haka haɗa su da sintesaiza yana buƙatar awo da natsuwa.

Da farko a zaɓi na'urar da ta dace. Mafi sauƙin sha'ani ita ce janaretar sigina da ke fitar da siffofi uku, sayin da alwatika da murabba'i. Idan tsohuwa ce, a duba bayanta a tabbatar an saita ta a kan ƙarfin wutar gidan da za a jona ta, ko volt 110 ko 230. Wadda ta daɗe a ajiye, musamman mai kwalaben bawul irin tsofaffin Hewlett-Packard na jerin 200, a kai wa ƙwararre ya duba ta tukuna, domin kafasito, ɗan abin da ke tara caji a cikinta, yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare na'urar daga soket.

Mataki na biyu shi ne awon ƙarfin sigina, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. Sassan Eurorack, wani sanannen tsarin sintesaiza da ake harhaɗawa daga sassa daban-daban, suna aiki da wutar volt 12 sama da 12 ƙasa, sautin da suke musaya kuwa yawanci volt 10 ne daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Janareta da yawa tana iya fitar da ninkin haka. Akwai kuma wani tarko: mafitar yawancinsu om 50 ce (om ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne), kuma adadin da suke nunawa a fuska suna lissafa shi ne bisa zaton an jona su da na'ura mai om 50. Mashigar sashen sintesaiza tana kusan om dubu 100, don haka idan fuska ta nuna volt 5, abin da ke isa sashen ya kai kusan volt 10. Kada a yarda da lambar fuska. A jona janaretar da osiloskop, na'urar da ke nuna sigina a matsayin layi a allo, a murɗa maɓallin ƙarfi zuwa ƙasa, sannan a ɗaga shi sannu a hankali har sai layin ya tsaya tsakanin volt 5 sama da 5 ƙasa. A kuma tabbatar maɓallin da ke tura sigina gefe guda da tsayayyar wuta yana kan sifili, sai idan da gangan ake son hakan.

Bayan awo sai haɗin waya. Kayan gwaji suna amfani da kan waya mai suna BNC, Eurorack kuma da ƙaramin kai na milimita 3.5, don haka ana buƙatar waya mai kai biyu daban ko adafta. Ya fi kyau siginar ta fara bi ta sashen rage ƙarfi, daga nan ta shiga matacin sauti ko VCA, sashen da ke ɗaga ko rage ƙarar sauti bisa volt ɗin da aka tura masa. A rage ƙarar lasifika kafin a kunna, domin sigina da mitarta ta haura Hz 20,000, wato kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ba a jin ta, amma tana iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Idan aka ji gurnani na Hz 50 ko 60, a jona na'urorin biyu a soket guda, ko a sa taransifoma mai raba sigina a tsakaninsu. Cire wayar ƙasa, wadda ke kare mutum daga jan wuta, don kawar da gurnanin ganganci ne da rai, kuma bai kamata a yi shi ba ko kaɗan.

Da sauti ya fito, sai batun sarrafa shi. Sintesaiza mai sassa yawanci yana bin ƙa'idar volt ɗaya ga kowace okta, ma'ana kowane ƙarin volt yana ninka mitar sauti. Janaretar da ke da mashigar sarrafa mita kuwa yawanci ƙarin Hz iri ɗaya take yi ga kowane volt, shi ya sa idan aka tura mata karin waƙa daga sikwensa, sashen da ke jero muryoyin kiɗa bi da bi, muryoyin ba sa faɗawa daidai. A ganina ɓata lokaci ne a dage sai ta bi waƙa. Gara a saita mita da hannu a kan babban faifan murɗawa, a bar VCA da sashen da ke tsara tashi da faɗuwar sauti su yanka shi zuwa bugu-bugu. Mashigar sarrafa mitar tana da amfani na daban: idan aka tura mata sautin wani osileta, wato sashen da ke haifar da sauti, ana samun amo mai kama da na ƙararrawa ko ƙarfe.

Wanda ke da janareta biyu ya saita ɗaya a Hz 440, ɗayar a 443, ya haɗa su a mikisa mai gauraya sauti. Zai ji sautin yana kumbura yana lafawa sau uku a kowace daƙiƙa, kuma ɗan taɓa faifan kaɗan yana sauya saurin wannan numfashi. Idan kuma aka sauke mita ƙasa da Hz 20, janaretar ta zama abin juya matacin sauti a hankali. Mafitar da aka rubuta wa TTL ko SYNC tana ba da bugun murabba'i daga sifili zuwa kusan volt 5, wanda ya isa ya zama agogon da sikwensa zai bi, muddin an fara auna shi a osiloskop kamar yadda aka yi wa babbar mafita.