Darasi na 9: Giɓin kasafi da bashin ƙasa

Kowace shekara, kafin watan Janairu ya kama, gwamnatin Nijar tana rubuta babban lissafi a Yamai. Gefe guda kuɗin da take sa ran samu, ɗayan gefen kuɗin da za ta kashe. Wannan lissafi shi ne kasafin kuɗi. Abin da ke shigowa ya haɗa da lanho, da kuɗin duwan a kan iyaka kamar ta Ɗan Isa, da harajin TVA na 19 bisa ɗari da ke cikin farashin kayan kanti, da rabon ƙasa daga man fetur da uraniyom, da taimakon ƙasashen waje. Abin da ke fita kuwa albashin malaman makaranta ne, da ma'aikatan likita, da sojoji, da gyaran hanya, da magani, da biyan tsohon bashi.

Idan abin da za a kashe ya fi abin da za a samu, an sami giɓi. Gwamnati sai ta ranto ta cike. Giɓin bana shi kaɗai ba shi ne bashin ƙasa ba. Bashin ƙasa shi ne na bara da na bara waccan da duk na baya da ba a biya ba, an tara wuri ɗaya.

Duk manomin da ke Madarumfa ko Tibiri ya san wannan lissafi tun kafin ya riƙe alƙalami. Rumbu ya ƙare a watan takwas, gero bai nuna ba, yara suna jira. Mai gida ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓo tiya goma, da alkawarin zai mayar da ashirin in kaka ta yi. Bana ya ci, amma tun kafin ya ɗaure dami, an riga an yi wa rumbun baɗi rami. Maƙwabcinsa ma ya ci bashi, sai dai shi taki ya sayo da iri mai saurin nuna, gonarsa ta ba da abin biya har da rara. Dukansu bashi suka ci. Bambancin yana ga abin da aka yi da kuɗin, da kuma inda za a samo na biya. Da waɗannan tambayoyi biyu ake auna bashin ƙasa ma.

Wa ke ba ƙasa bashi?

Akwai na waje: Bankin Duniya, Asusun Lamuni na Duniya da ake kira FMI, Bankin Raya Afirka, Bankin Musulunci, da ƙasashe irin su Sin da Faransa. Bashin Bankin Duniya ga ƙasa matalauciya yana da sauƙi, don ana biyansa cikin shekara talatin ko fiye, kuɗin ruwansa kuma kaɗan ne. Akwai kuma na cikin gida. Baitulmali yana sayar da takardun lamuni ga bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefarmu, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Wannan yana zuwa da sauri, amma da tsada. Wani na wata uku ne, wani na shekara guda, wani na shekara uku ko biyar, kuɗin ruwansa kuma sau da yawa yakan kai 6 ko 7 bisa ɗari, wani lokaci ya wuce.

Ku ɗauki alli mu lissafa. Wanda ya ranci jika 100 a kan ruwa 7 bisa ɗari, ƙarshen shekara jika 7 ne a kansa ban da uwar kuɗi. Yanzu ku mai da jikar nan miliyar. Miliyar 100 za ta haifi miliyar 7 kowace shekara, kuɗin da ba zai gina aji ko ɗaya ba.

A wani ajin yamma, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, gwamnati ba ita ke da kuɗin ba? Ta buga wasu mana, ta huta da roƙo.”

Malamin ya ce, “Inna, sefa ba a Yamai ake yanke shawarar buga ta ba. Babban bankin BCEAO ne, mai hedikwata a Dakar, ke yi wa ƙasashe takwas ɗin gaba ɗaya. Ko da ma an bar mu mu buga, gero ba zai ƙaru a kasuwa ba. Takardar ce za ta yi yawa, tiyar da kika saya jiya ta ninka.”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “To ashe shi ya sa kuɗin ƙuli-ƙulin da nake kaiwa Jibiya ba sa auki in na canza.”

Ta gano. Mutanen Maraɗi sun ga faɗuwar naira daga 2023 da idonsu, ba labari aka ba su ba.

Abin da ya taɓa samun mu

A shekarun 1970 farashin uraniyom ya tashi, kuɗi suka shigo daga Arlit, gwamnati ta yi gine-gine, ta kuma ci bashi da tunanin kasuwa za ta ɗore. Farkon shekarun 1980 farashin ya karye, bashin kuwa yana nan daram. Daga 1983 ƙasa ta shiga shirin tsuke bakin aljihu tare da FMI. Aka rage ɗaukar ma'aikata, aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sayar da wasu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa a sefa 50 ya koma 100. Duk bashin da aka ciwo da kuɗin waje ya ninka a dare ɗaya in an lissafa da sefa. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 suna tuna watannin da albashi bai fito ba, malamin makaranta yana karɓar shinkafa bashi a kantin unguwa, makarantu a rufe saboda yajin aiki.

Sauƙi ya zo ne ta shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Nijar ta cika sharuɗɗansa a 2004, aka kuma ƙara yafe mata wani babban kaso a 2006. Daga nan aka sake ciwowa sannu a hankali, don hanyoyi, da madatsar ruwa ta Kandaji, da tsaro, har bashin ya kai kusan rabin duk arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara.

Ƙungiyar UEMOA, wadda ta haɗa ƙasashe takwas ɗin nan masu amfani da sefarmu, ta sa ma'auni: bashi kada ya wuce 70 bisa ɗari na arzikin shekara, giɓi kada ya wuce 3 bisa ɗari, lanhon da ake tarawa ya kai 20 bisa ɗari. An jingine dokar a 2020 saboda annobar korona, amma har gobe da waɗannan lambobi ake auna ƙasa. A ma'aunin farko ba mu kai iyaka ba. A na uku ne muke baya ƙwarai, don abin da Nijar ke tarawa bai wuce kusan rabin abin da ake nema ba. A nan ciwon yake. Ba da arzikin ƙasa duka ake biyan bashi ba, da abin da ya shiga baitulmali ake biya.

Shekarar 2023 ta nuna wannan ƙarara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya da Benin, aka toshe asusun gwamnati a babban banki, masu ba da taimako suka janye. A watan Oktoba aka rage kasafin shekarar da kashi 40 bisa ɗari, daga kusan sefa miliyar 3,290 zuwa kusan miliyar 1,980. Lokacin biyan wasu basussuka ya zo ya wuce ba a biya ba, sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Ƙasar da kasafinta ke jingine da aljihun wani, ranar da ya janye hannu, majinyaci a likita da yaro a aji ne ke fara ji.

Hanyoyin gyara

Mutane da yawa sun sa rai ga man fetur. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, aka fara lodin jirgi a 2024. Kuɗi ne na gaske. Amma tun a watan Afrilu na shekarar, gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a kan ruwa 7 bisa ɗari, za a biya da man da ba a kai ga sayarwa ba. Farashin mai kuma hawa da sauka yake yi kamar yadda uraniyom ya yi. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a ware wani kaso a shekarar da kasuwa ta yi kyau, a hana kowa taɓa shi, a kuma riƙa sanar da jama'a ganga nawa aka sayar da nawa aka samu.

Hanya ta biyu ita ce rage kashewa. Wannan da sauƙin faɗa. Najeriya ta janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kafin mako ya zagayo kwalbar mai a bakin hanya a Maraɗi ta yi tsalle, ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai ban ruwa da injin a Jiratawa ya shiga lissafi. Ragi yana da mai ɗaukar nauyinsa. Don haka a fara da inda ba talaka zai ji ba: albashin ma'aikatan da babu su sai a takarda, kwangilar da aka ninka kuɗinta, motocin manya da tafiye-tafiye. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, rage kuɗin makaranta da na allurar riga-kafi ba tanadi ba ne, asara ce da za ta fito nan da shekara goma.

Ta uku, wadda a ganina ta fi duka, ita ce gyara tara lanho. Ba wai a ƙara wa mai ƙosai tikitin kasuwa ba, ita tana biya kullum safiya. Manyan ramuka suna sama. Akwai kamfanonin da aka yafe wa haraji shekara da shekaru. Akwai babbar mota cike da atamfa ko shinkafa da ake rubuta mata rabin kaya a takardar duwan. Akwai attajiri mai gidajen haya goma da ba ya cikin rajistar kowa. Akwai kuma kuɗin da aka karɓa hannu da hannu ba rasit, wanda bai taɓa ganin baitulmali ba. Maraɗi garin fatauci ne, mun san waɗannan hanyoyi fiye da kowa, kuma mun san mutum yakan biya da daɗin rai in ya ga an kwashe shara, an gyara magudanar ruwa kafin damina. Mai biya yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa suka tafi, a mairi ko a Yamai.

Sauran hanyoyin a taƙaice: a musanya bashi mai gajeren wa'adi da mai dogon wa'adi, a fi neman mai sauƙin ruwa. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa, akwai takardun sukuk, inda mai kuɗi ke cin ribar haya ko ta kadara. Senegal ta fitar da irinsu a 2014. Sannan a faɗaɗa abin da ake samarwa. Aya da riɗi da wake da dabbobin jiharmu suna ƙetare iyaka ɗanye, ribar sarrafawa da harajinta suna zama a can. Bashin da zai kawo wutar lantarki da injin matsar mai da rijiyoyin noman rani yana da hanyar biyan kansa.

Aikin aji

Karanta da ƙarfi, sannan ka rubuta a allo: kasafi, giɓi, bashi, baitulmali, kuɗin ruwa.

Lissafi na farko: a ce wata ƙasa ta samu miliyar 80, ta kashe miliyar 100. Nawa ne giɓinta? In ta yi haka shekara uku a jere ba ta biya komai ba, nawa ne bashinta?

Lissafi na biyu: an ranci miliyar 50 a kan ruwa 6 bisa ɗari. Nawa ne ruwan shekara guda? In ana gina aji ɗaya da miliyan 10, aji nawa kuɗin ruwan nan za su gina?

Tattaunawa: ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya kawo aiki ɗaya da ya cancanci a ci masa bashi a gundumarku, ya kuma faɗi inda kuɗin biya za su fito.

Aikin gida: duk kuɗin hukuma da ka biya a wannan mako, na kasuwa ne, na tasha ko na mairi, ka karɓi rasit. Ka zo da shi aji ranar darasi na gaba, mu karanta kwanan wata da adadin kuɗi da hatimin da ke kansa tare.