Yadda ake kula da gajiya da mantuwar mai ciwon MS a zafin Katsina

Ciwon MS (multiple sclerosis) yana cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar. Ƙanwata na fama da shi, kuma abin da ya fi wahalar da ita gajiya ce da mantuwa. Don Allah kada a kira wannan lalaci.

Fara da zafi. Tun 1890 likitan idon Jamus Wilhelm Uhthoff ya lura ganin masu MS na dusashewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gano ɗumamar jiki ce sanadi. Mu kuwa a Afrilu zafi kan haura digiri 40. A gama girki da wanki da sanyin safiya, a bar azahar don hutu. Ruwan randa da jiƙaƙƙen tawul a wuya suna taimaka mata ƙwarai.

Kada a sayi maganin gajiya a kemis. Binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021 ya gwada magungunan amantadine da modafinil da methylphenidate, ba su fi ƙwayar gwaji da ba magani a cikinta tasiri ba, illa ce ma suka fi kawowa. Tafiya kaɗan bayan magariba ta fi mini kwanciyar hankali, kuma bincike na goyon bayan motsa jiki.

Mantuwa kuwa, littafi ɗaya na rubuta abin tunawa, ƙararrawar waya, aiki ɗaya a lokaci guda. A roƙi likitan jijiya gwajin SDMT, daƙiƙa 90 ne, yana auna saurin tunani. A duba ƙarancin jini da barci ma.