Yadda Za Ka Sa Wa Fitilar Hazo Ƙwai Mai Haske a Gida

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta baza ta a kan Nijar da arewacin Najeriya. Akwai ranakun da mutum ba ya hango abin da ke gabansa ko da tazarar kilomita ɗaya ce. Duk direban da ya taɓa yin sammako a irin wannan hazo ya san ful-layit ba ta da amfani, domin haskenta yana bugun ƙurar ne ya dawo masa ido. Fitilar hazo, wato ƙaramar nan da ke ƙasan bamba, an yi ta ne don ta shimfiɗa haske ƙasa-ƙasa da faɗi, ta nuna maka gefen kwalta da ramin da ke kusa. Saboda haka in za ka ƙara mata haske, abin nema shi ne hasken ya ƙaru amma ya zauna a ƙasa. In ya tashi sama, ka ɓata fitilar ko da ƙwan ya fi na da haske ninki uku.

Kafin ka sayi komai

Sau da yawa ba ƙwan ne ya gaji ba. Fitilar hazo tana kusa da ƙasa, yashi da tsakuwa na dukan fuskarta kullum har ta dushe ta yi ja. In fuskar ta roba ce, wanke ta, ka goge da samfefa mai lamba 1000 da ruwa, sannan mai 2000, sannan mai 3000, ka bi da man goge fitila. In ka leƙa ka ga raɓa ko ruwa a ciki, ko kwanon nan mai ƙyalli ya yi baƙi ko ya ɓare, to gidan fitilar ne ya mutu, sabon ƙwai ba zai tashe shi ba. Canza gidan gaba ɗaya ya fi.

Sai wuta. Tayar da mota, ka sa mita a kan batir, ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Kunna fitilar hazo ka auna a bayan soket ɗinta, ƙwan yana jone. In bambancin da ke tsakanin batir da soket ya haura rabin bolt, akwai inda wuta ke zurarewa: soket mai tsatsa, waya da ta ƙone ta yi tauri, ko wayar at, wadda ke ɗaure a jikin mota, ta saki. Ƙwan halojin, wato irin na da mai zare a cikin gilashi, ba ya jure ƙarancin wuta. In ta ragu da kashi 5 cikin ɗari, haskensa na raguwa da kusan kashi 15, in ta ragu da kashi 10 kuwa kusan kashi 30 na hasken ya tafi. Kankare tsatsar wayar at kawai yakan dawo da hasken da mutum ke shirin kashe kuɗi a kansa.

Wane ƙwai ne a motarka

Kada ka dogara da sunan mota kawai, domin motar da aka kawo daga Amurka da wadda ta fito daga Turai ko Dubai suna iya bambanta ko da shekararsu ɗaya. Ciro tsohon ƙwan ka karanta lambar da ke gindinsa, ka tafi kasuwa da shi a hannu, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna. Lambobin da aka fi samu su ne H11 mai wat 55, H8 mai wat 35, H16 mai wat 19, H3 mai wat 55, 9006 da ake kuma kira HB4 mai wat 51 zuwa 55, da 880 ko 881 masu wat 27. Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 da Corolla ta 2009 zuwa 2013 galibi H11 ne, Golf 3 kuwa H3.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Gindin H8, H11 da H16 sun yi kama ƙwarai, har wasu kan yanke ɗan kunnen robar su cusa H11 a gurbin H16. Haske zai ƙaru, gaskiya ne, domin a ma'aunin yawan haske da ake kira lumen, H11 na ba da kusan 1,350, H16 kuwa kusan 500. Amma gidan da aka ƙera don zafin wat 19 ba zai ɗauki na wat 55 ba. Kwanon ciki zai ƙone, fuskar ta narke ta kumbura, soket ya manne da ƙwan.

Haka abin yake da ƙwan nan da ake rubuta wa wat 100. Lissafin ba wuya: raba wat da bolt ka sami amfiya. A bolt 12 na batir, ƙwai mai wat 55 na jan kusan amfiya 4.6, guda biyu kusan 9, shi ya sa fiyus ɗin fitilar hazo a motoci da yawa mai 15 ne. Guda biyu masu wat 100 kuwa za su ja kusan amfiya 17. Fiyus zai yanke, sai a ce a sa babba mai 25 ko 30, ko a naɗa masa waya. Daga nan wayar motar ce ta zama fiyus, kuma ita in za ta yanke da wuta take yankewa. Kada ka yi, kada kuma ka yarda rewaya ya yi maka.

Zaɓi na gaskiya guda biyu ne. Na farko, halojin mai inganci mai wat daidai da na asali, irin Osram Night Breaker ko Philips X-tremeVision. Zaren cikinsu ya fi matsewa, ya fi zafi, hasken ya fi taruwa inda ake so, kuma ba abin da za ka taɓa a wayar mota. Aibinsu ba sa daɗewa kamar ƙwai na yau da kullum. Na biyu shi ne LED, wanda ke jan wuta kaɗan ya ba da haske mai yawa, kuma shi ne mafita ga mai H8 ko H16. HID kuwa, wato ƙwan nan marar zare da ake kira zenon, a bar shi: yana ɗaukar lokaci kafin ya kama sosai, kuma a gidan halojin watsa haske yake yi ko'ina. Mai H3 ma gara ya tsaya a halojin, domin zaren H3 a gicciye yake, yawancin LED da ake sayarwa da wannan lambar ba sa kwaikwayonsa, hasken sai ya tarwatse.

Zaɓen LED

Ɗora LED ɗin kusa da tsohon ƙwan, gindi daidai da gindi. Ƙwayoyin hasken LED su faɗo daidai tsayin da zaren halojin yake. Kwanon fitila an lanƙwasa shi ne don ya karɓi haske daga wannan ɗigon guda, in aka kauce da milimita biyu ko uku sai hasken ya fita ta inda ba a nufa ba. Nemi mai ƙwayoyi a fuska biyu kacal, bayan juna, a kan siririn faranti. Mai ƙwayoyi zagaye da jiki kamar zangarniyar masara yana da kyan kallo a cikin kwali, a kan titi kuwa ba ya haska komai sai idon mai tahowa.

Kada lambar lumen da ke jikin kwali ta ruɗe ka. LED na mota yana ba da lumen kusan 100 a kan kowane wat, don haka ƙwai mai wat 20 ba zai wuce kusan lumen 2,000 ba, ko da an rubuta 20,000. Kuma 2,000 ɗin ya ishi fitilar hazo, har ya yi yawa a wasu gidajen. In fitilar ta haska gaban mota fiye da kima, idonka yana tsukewa, sai ka rage ganin abin da ke nesa.

Launi ma abin dubawa ne. Ana rubuta shi da lamba da harafin K: 3000K ruwan ɗorawa, 4300K fari mai ɗumi, 6000K zuwa sama fari mai shuɗi-shuɗi. A cikin ƙura, mai shuɗin nan ya fi dawowa ido da gajiyar da shi. Ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga ido, har Faransa ta wajabta shi a fitilun motocinta tun daga shekarun 1930 zuwa 1993. Don hunturu da ruwan sama, 3000K shi ne zaɓi, in kuma ba ka son ruwan ɗorawa, tsaya a 4300K.

Wasu LED na da ƙaramar fanka a baya. A fitilar hazo wannan matsala ce, domin wurin nan ne ƙura da taɓo da ruwan kwata ke taruwa. Fankar na tsayawa, ƙwan ya yi zafi, ya dushe ko ya mutu. Marar fanka mai gindin alminiyam ya fi, kuma a duba an rubuta IP67, alamar ƙura da ruwa ba sa shigarsa. Auna sararin da ke bayan fitilar ma, don gindin LED ya fi na halojin girma.

Aikin kansa

Za ka buƙaci sifana mai lamba 10, sukudireba mai faɗi da mai tauraro, tocila, safar hannu ko tsumma mai tsabta, salatif, da igiyar roba ta ɗaure waya. Tun kafin ka kwance komai, ajiye motar gaban bango da dare ka ɗauki hoton yadda tsohon hasken ke sauka, zai yi maka amfani a ƙarshe.

Kashe fitila, zare makulli, ka bari ƙwan ya huce kamar minti goma. Cire wayar batir ta baƙi ya fi aminci, sai dai wasu motocin Honda na neman lambar sirrin rediyo bayan an cire batir, don haka in ba ka da lambar, zare fiyus ɗin fitilar hazo kawai.

A yawancin motoci ta cikin gidan taya ake kaiwa ga ƙwan. Karya sitiyari har ƙarshe don tayar ta ba ka wuri, ka cire maɓallan roba da notina biyu ko uku da ke riƙe da baƙar robar da ke saman taya, ka janye ta baya. Maɓallan nan ana fara ɗaga tsakiyarsu ne da bakin sukudireba, in ka finciko su da ƙarfi karyewa suke yi. Wasu motocin ta ƙarƙashin bamba ake shiga. In sai an ɗaga mota, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, tokare ta da ƙarfen tokara, ka sa dutse a bayan tayar baya.

Danna harshen soket ka zare shi, kada ka ja ta waya. Murɗa ƙwan hagu kaɗan, zai fito. Kunnuwan gindinsa uku ne kuma girmansu ba ɗaya ba, don haka sabon ta hanya ɗaya kawai zai shiga, in ya ƙi kada ka tilasta shi. Tabbatar zoben robar da ke gindin ya zauna daidai, shi ke hana ruwa shiga. H3 daban yake: ƙarfe mai tsalle ke danne shi, yana da waya guda, kuma gefen farantinsa na da yanka biyu, ɗaya zagaye ɗaya mai kusurwa, kowanne da mazauninsa.

In halojin ne, kada yatsanka ya taɓa gilashin. Maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran jikin zafi, gilashin ya kumbura ya fashe da wuri. In an taɓa, a goge da sifirit. In LED ne, ƙwayoyin su fuskanci hagu da dama, farantin yana tsaye. Masu kyau suna da zoben da ake juyawa don a daidaita hakan. In LED ɗin ya zo da ɗan akwati a jikin wayarsa, ɗaure shi nesa da taya da inda ruwa ke kwanciya.

Gwada kafin ka mayar da robar taya. Fitilar hazo a motoci da yawa ba ta kamawa sai an kunna ƙananan fitilu ko dim, kuma a motocin Amurka tana mutuwa da zarar an sa ful-layit, wannan ba lalacewa ba ce. Canza duka biyun lokaci guda, don launi da ƙarfi su zo ɗaya.

In abu ya ƙi

LED bai kama ba: zare soket, juya shi, ka mayar. Halojin bai damu da ɓangaren da wuta ta shigo ba, LED da yawa sun damu.

Yana ƙyafta ido, ko alamar ƙwai ya mutu ta fito a dashbod: wannan ya fi faruwa a Mercedes, BMW da Volkswagen, inda kwamfutar mota ke auna wutar da ƙwai ke ja. Ta ga LED na jan kaɗan sai ta ɗauka ya ƙone. Maganinsa ƙwai mai rubutun CANbus, ko ɗan akwatin da ake jonawa tsakanin soket da ƙwai. In irin mai jikin ƙarfe ne, yana zafi sosai, a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen mota, nesa da roba da waya.

Rediyo ta fara shuu da zarar an kunna fitila: kayan cikin LED ɗin ne marasa inganci, canza shi ya fi wahalar neman dabara.

Wuta ba ta isa soket ko bayan an gyara at: a sa rile, wato makunnin da zai ɗauko wuta kai tsaye daga batir zuwa fitilar, mai ƙafa huɗu na amfiya 30 ko 40. Ƙafa mai lamba 30 ta tafi batir ta cikin fiyus mai 15 da aka sa kusa da batir ɗin, 87 ta tafi ƙwayayen, 86 ta karɓi tsohuwar wayar fitilar, 85 a jikin mota. Yi amfani da waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5, ka rufe kowane haɗi da kyau. A motar da kwamfuta ke sa ido kan fitilu, bar wannan aikin ga rewaya da ya san ta.

Saita hasken

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke raba fitilar da ke taimakonka da wadda ke makantar da mai babur da ke tahowa. Nemi shimfiɗaɗɗen wuri gaban bango, tayoyi da iska daidai, ba kaya a but. Matsa da motar dab da bangon, ka manna salatif daidai tsakiyar kowace fitila. Ja da baya a miƙe mita 7.5, ka kunna. Saman hasken ya tsaya santimita 10 ƙasa da salatif ɗin. Akwai noti ɗaya a baya ko ƙarƙashin gidan fitilar da ke ɗaga shi ko sauke shi, juya shi a hankali kana kallon bango. Rufe fitila ɗaya da kwali yayin da kake saita ɗayar.

Yanzu kwatanta da hoton da ka ɗauka. Ya kamata ka ga ɗamarar haske mai faɗi, samanta a yanke sarai. In ka ga haske ya fantsama sama da layin, juya zoben LED ɗin ka sake dubawa. In ya ƙi gyaruwa, wannan ƙwan bai dace da gidan fitilarka ba, cire shi ka koma halojin mai inganci. Daga ƙarshe taka kamar mita 20 gaban motar, ka ɗan duƙa daidai tsayin direban ƙaramar mota, ka kalle ta. In ta soki idonka, ƙara sauke ta kafin ka hau titi.